Girkin Kisra a Rumbun Inna

Zuwa ga aminiyata Ihsan, matar Ustazu, a Sudan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Ustazu da jikoki. Na rubuto ne in tuna miki wata ƙarya da kika yi a gabana, don ban ji labarin kin tuba ba.

Lokacin da kuɗin mai ya kawo malaman Larabci jihar Sakkwato, ku aka turo Tambuwal, katanga ɗaya tsakaninmu. Kin tuna 'yar mujallar da mazanku ke bugawa a Sakkwato, direban lori ya kawo muku? Waƙoƙin kewar gida, wa ya yi aure, wa ya haihu. Ke kika rubuta yadda ake kisra, wainar nan taku, da dawarmu.

Sai surukata Inna ta zo daga Kebbe, ta tarar da ɗana Bello yana fifita wuta da shafin. Rubutun Larabci a bakin murhu! Ta ƙwace, ta ɗora a goshi, ta ce in zane shi. Na kuwa zane shi. Ko ba aya ba ce, ba a wasa da takardar mutane.

Ta tara matan gida, ta sa aka kira ki ki karanta. Da kin faɗi gaskiya, da tsohuwar ta zama abin dariya daga nan har Kebbe. Kika dube ta, kika ce, "Inna, wannan ta albarkar dawa ce."

Ta naɗe ta a fata, ta soke a jinkar rumbunta. Damina ta yi kyau. Matan Kebbe suka yi ta aiko a samo musu "irin wagga takarda". Mazanku suka ɗauka Hausawa sun kamu da son waƙar Larabci, suka ƙara yawan bugu.

Ƙarya ƙarya ce, Ihsan, haka na koya wa 'ya'yana. Amma Inna ta rasu da mutuncinta, mujallar ta mutu da tafiyarku, ni kuma ba ni da mai leƙo ni ta katanga.

Bana da ake sake jinkar rumbun, Bello da furfurarsa ya so ya cire takardar. Na ce ya taɓa ya gani, bulalar tana nan.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe miki, Ya sake haɗa fuskokinmu.

Taki har kullum,
Luba, uwar Bello