Sha Shida a Littafi, Biyar a Fili

Zuwa ga yayana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Zainabu da yara, a can ƙasar kakanninmu inda yaƙi ya mayar da ku. Mu nan Umbadda sai godiya. Ruwa yana zuwa wata rana, wuta sai ta ga dama, makarantar da nake koyarwa kuma ta buɗe da rabin ɗalibanta.

Saƙon muryarka ya iso. Na saurare shi sau uku, kowane saurare raina yana ƙara ɓaci. Ka ce wani kulob ɗin golf a garin da kuka sauka yana neman mai koyar da sababbin 'yan wasa, amma ba za su bar ka ka shiga gwajin ba sai ka kawo takarda daga tsohon kulob ɗinka mai nuna handikaf ɗinka bai wuce biyar ba. Tun da ni na riƙe littafin handikaf na kulob ɗinmu shekara goma sha ɗaya, ni kake so in rubuta. “Layi biyu kawai, ya Ustaz,” haka ka ce, kamar ka aike ni sayen gishiri.

Ka yi haƙuri in faɗi abin da ka fi ni sani, saboda masu leƙo wasiƙar nan. A golf, wanda ya zagaye ramuka goma sha takwas da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Don gwani da ɗan koyo su iya karawa, ana cire wa kowa wasu bugu daga jimlarsa gwargwadon rauninsa. Wannan rangwamen shi ne handikaf. Lambar gwani ƙarama ce, ta mai rauni babba, kuma tana fitowa ne daga katunan da mutum yake miƙawa bayan wasa, da sa hannun abokin wasansa.

To Yaya, a littafina kai ɗan sha shida ne. Ka san haka, domin kai ka gina lambar nan da hannunka, ka yi mata gadi fiye da yadda ka yi wa shagonka.

Ka tuna farkonmu. Mu hau hafila, bas ɗin haya, daga Umdurman, mu tsallake gada, mu sauka mu ƙarasa da ƙafa zuwa filin nan na yashi da ba shi da ko ɗigon ciyawa. Jakar manya muke ɗauka, da guntun ciyawar roba da ake shimfiɗa wa ƙwallo kafin a buga. Kewayen rami kuwa yashi ne da aka jiƙa da baƙin mai, mu ke lallaɓe shi da ƙarfe. Ranar Litinin kaɗai ake barin masu ɗaukar jaka su yi wasa. Da sanda ɗaya ka koya, wadda wani Bature ya karya ya jefar, ka kai ta maƙerar Baba a Kasuwar Umdurman ka ɗinke ta.

Ranar da aka karɓe mu a matsayin mambobi, bayan shekaru, Baba bai yi murna yadda muka zata ba. Ya ajiye guduma ya ce, “Ku baƙi ne a wurin nan. Ku yi wasanku, amma kada ku kunyata manya.” Shi da aka haifa a Umdurman, ubansa ma a nan aka binne shi tun da bai koma gida ba bayan aikin hajji, amma har ya rasu yana tafiya a gefen titi. Na gane tsoronsa. Abin da ban gane ba shi ne yadda ka ɗauki maganar tsoho ka mayar da ita sana'a.

Rami na goma sha biyar nake ta tunawa, wanda kwarin ƙaya yake ta hannun damansa. Har zuwa na sha huɗu za ka yi ta bugu mai kyau, ƙwallo tana tashi tana sauka inda ka aike ta. Sai ka matso kusa da ni ka ce, “Nawa muke, Sale?” In faɗa maka jimlar bugunka. Sai ka gyara hula, ka tsaya, ka aika ƙwallo cikin ƙaya kai tsaye. Ka juyo ga mutumin da ke kusa kana girgiza kai, ka kira shi da Larabcin gari: “Iska ce, ya zol.” Tutar ramin kuwa a rataye take, ko motsi ba ta yi.

Akwai ranar da ƙwallonka ta tsaya bai fi kamu ɗaya da rami ba, ka buga sau uku kafin ta faɗa. Kai da kake gyara sandunan rabin kulob ɗin, kake sanin nauyin kowace ta hanyar ɗaga ta kawai. Na ji kunya har na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Haka shekara take tafiya. Wata goma kana miƙa min katuna masu muni, lamba tana hawa. Idan gasar kofin shekara ta zo, sai ka saki hannu kaɗan, daidai yadda za ka ci da bugu ɗaya ko biyu, kada a yi magana. A rage maka lamba zuwa sha huɗu, kafin azumi ya zagayo ka mayar da ita sha shida. Ragon layya ya shigo gida ta wannan hanya. Firjin Inna ma haka.

Sau ɗaya tak na ga wasanka na gaskiya daga farko har ƙarshe. Wata safiyar Litinin ce, mu biyu, babu kati, babu kowa sai mai shayi a gindin bishiyar nim. Bugu saba'in da uku ka yi, jimlar da sai gwanaye. Ina bin ka a baya, ina cewa a raina ashe wannan mutumin uwarmu ɗaya. Da muka zauna shan jabana, gahawar nan tamu, na ce maka ka bari mutane su ga wannan ko sau ɗaya. Ka kurɓi gahawa ka ce, “Wannan tsakaninmu ne. In na nuna duka yau, gobe da me zan zo?” Wallahi Yaya, ranar na so in fasa maka finjalin a ka.

Kada ka ɗauka kai kaɗai kake damuna. Watannin baya na je filin, rabi a raksha mai ƙafa uku, rabi a ƙafa. Ɗakin kulob ɗin ba ƙofa, kabad ɗin da nake ajiye littafi da katuna wayam, awaki suna kwance a kan rami na tara. Tun da labari ya bazu cewa littafin ya ɓata, na koma ni ne littafin. Wani ya rubuto daga Riyad yana so in ce shi ɗan tara ne, don ya samu abin faɗa a gaban abokan aikinsa, mutumin da in wasa ya yi masa muni sai katin ya ɓace a aljihunsa. Wani daga Kampala yana so in ƙara masa zuwa ashirin da biyu saboda akwai gasa a gabansa. Gidajensu sun tafi, motocinsu sun tafi, amma kowa lambarsa yake tambaya. Na ba kowa abin da na tuna, ba ƙari ba ragi. Suka yi gunaguni suka karɓa, domin a wurinsu Ustaz Sale ba ya son kai.

Sai ga naka saƙon. Da ƙarya ka roƙe ni, da na ce a'a na yi barcina lafiya. Amma karo na farko a rayuwarka gaskiya ka nema. Kai ɗan biyar ne, watakila ma ƙasa da haka. Matsalar ita ce duk wanda ya taɓa wasa da mu ya san sha shida na rubuta. In na ce biyar yau, dole in faɗi inda sha ɗayan nan take duk shekarun nan, da wanda ya taya ka ɓoye ta.

Na daɗe ina rarrashin kaina cewa ban taɓa rubuta ƙarya a kati ba. Abin da ka buga shi na ƙirga, shi na sa wa hannu. Amma dokar kulob ta ba mai riƙe da littafi ikon rage wa mutum lamba in idonsa ya ga ya fi ƙarfinta. Na yi amfani da ikon nan a kan wani injiniya, na zaftare masa huɗu a gaban jama'a, aka tafa min. A kanka ban taɓa ɗaga alƙalami ba. Na sha ruwan sanyi daga firjin nan kamar kowa a gidan.

Ka tuna Dakta Tijjani, tsohon likitan ido mai farar hula. Shi ne kishiyar halinka. Kowane kati yana miƙawa, ko na ranar da ya yi abin kunya. Shekara shida yana fama ya sauko daga sha huɗu zuwa sha biyu, yana zuwa da sassafe kafin asibiti yana buga ƙwallo hamsin shi kaɗai. Ranar da na rubuta masa sha biyu, ya saya wa duk filin waken ful da burodi, yana dariya kamar an yi masa jika. A wannan shekarar ce ya kai ramin ƙarshe a gasar kofi yana gaba, ka zo ka wuce shi da bugu ɗaya. Ya rungume ka ya ce, “Mabruk ya Haruna, yau Allah ya buɗa maka.” Ni na miƙa maka kofin.

Kafin in fara rubuta wannan takarda na kira shi. Yana Alƙahira, a ɗaki ɗaya a gidan surukinsa, idon da ya yi ta gyara wa mutane yanzu nasa ya fara dushewa. Ban so ya ji daga bakin wani. Na faɗa masa komai, na ƙaya, na tuta, na kofi. Na shirya wa zagi, na ma so ya zage ni.

Bai ambaci kofin ba ko sau ɗaya. Sai dai ya ce, “To tawa sha biyun fa, ya Ustaz? Ita ma haka ka rubuta ta?” Na rantse masa da Allah cewa tasa guminsa ce, kati bayan kati. Ya ce, “Tayyib,” ya yi min sallama. Ban san ko ya yarda ba, kuma babu littafin da zan buɗe in nuna masa. Wannan shi ne kuɗin layi biyunka, Yaya, kuma ba ni da kai muka biya ba.

Duk da haka ga shaidata, ga shugabannin kulob ɗin da kake nema da duk mai karantawa. Haruna, kai ɗan handikaf biyar ne. Ban ga wanda ya fi ka sanin sanda da ƙwallo a filinmu ba, kuma in ka zauna gyara wa mutum riƙo kana da haƙurin da ni malamin makaranta ba ni da shi. Ka yi shekaru kana ɓoye hannunka don ka ci kyauta, ni kuma na gani na yi shiru. Ba zan raba maganar biyu in aika rabi ba.

Mai yiwuwa su karanta su ce ba sa son irin wannan malami. In haka ta faru, ka yi fushi da ni, na yarda. Na san abin da aikin nan yake nufi. Yaya Zainabu ta gaya wa matata cewa a maƙerar wani kake yini, kai da a da kake da yara huɗu a ƙarƙashinka a kasuwa, kuma Hausarka ma dariya suke mata saboda Larabcin da ke cikinta. Na san irin nauyin da ka haɗiye kafin ka roƙi ƙaninka. Ina jin muryarka a saƙon nan, kana dariya a wurin da ba na dariya ba, na gane ka gaji.

Kewarka nake yi, har da haushinka. Ranar Litinin in na fito sallar asuba, ƙafata tana neman hanyar tashar hafila, sai in tuna babu wanda zai ce min in yi sauri.

In sun bar ka ka shiga gwajin, ina roƙonka abu ɗaya. Shekararka hamsin da huɗu, babu wani gobe da za ka ajiye wa komai. Ka buga ramukan nan duka, kada ka tambayi kowa nawa kuke. In ka gama, ka nemi lambar Dakta a wurina ka kira shi da kanka. Ni na yi nawa, kuma bai isa ba. Kai ka yi wasa da shi, ka san yadda ya samu sha biyunsa, kai ne kaɗai gwanin da zai iya gaya masa ya yarda.

Allah ya buɗa maka ƙofar halal a inda kake, ya sanyaya zuciyar wanda muka zalunta, ya yafe mana abin da muka ci da wanda muka yi shiru a kai. Allah ya jiƙan Baba da Inna, ya zaunar da ƙasar nan lafiya, ya haɗa fuskokinmu tun muna iya ɗaga sanda. Amin.

Ka gaida Yaya Zainabu da yara.

Ƙaninka da bai huce ba tukuna,
Sale
Umbadda, Umdurman