Birkin Hannu a Keken Kayana

Daren Laraba, Kunci

Yau dai Malam Sabo bakanike ya sa mini birkin hannu a kekena mai ƙafa uku. Tun da na yi haɗari ƙafata ta dama ta daina iya taka birki. Wata biyar ke nan keken yana ajiye, ga tsadar abinci, gero kuma ya kusa ƙarewa a rumbu.

Wuni muka yi a garejinsa. Wayar birkin da ya sayo ta yi gajarta, sai da ya koma garin Bici ya canjo. Ya yi walda, ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa, ni kuwa ina zaune a benci har bayana ya ƙage.

Da ya gama ya ce, "Malam Habu, ka saba da shi tukuna kafin ka ɗauki kaya."

Na gwada a gangaren gada. Ya kama, alhamdu lillahi. Amma sau biyu ƙafar ce ta fara yunƙurin takawa, keken ya yi ta gangarawa kafin hannuna ya tuna. Gabana ya faɗi ƙwarai.

Na dawo na gaya wa matata Hadiza gobe zan kai wa Alhaji Sule buhunan gyaɗa Bici. Na gangaren kuwa ban faɗa mata ba.

Ta ce, "Baban Aisha, gobe-gobe?"

Na ce na riga na amsa masa.

Ta ɗauko man zafi tana shafa mini a hannu, ta ce, "To, ka bi a hankali."