Kwandunan Yumɓun Wiebe

Yaya Shigeru,

Gaisuwa daga Groningen. Yaya ƙafar Inna? Kun kwashe kifin kafin sanyi?

Muna lafiya, kada Inna ta damu. Maigidana Wiebe ya baro asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, maganarsa ce kawai ba ta dawo ba.

Ka tuna kwandunan yumɓun da ya nutsar a tafkinmu, masu tace ruwan kifin koi inda iska ta yi ƙaranci? 'Yan ƙungiyarsu ta masu kiwon kifi sun sha yi masa dariya. Jiya shugabansu ya gwada ruwan, ya ce, "Tsoho mai taurin kai, ashe da gaskiyarka. Koya mana." Wiebe ya yi ta motsa baki, har na shigar da shi ɗaki.

Ka kunna wa marigayi Baba turare a madadina. Bana ma ba zan samu zuwa Japan ba.

Ƙanwarka,
Sumie