Takardar Ban Haƙuri Mai Shafi Tara

Toyama, 3 ga Yuni

Yaya Chizuru,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigida, ya yara, ya ruwan sama? Da fatan kowa lafiya.

Kada Mama ta ji: an kama ni da keke. Wata biyu yana yashe bayan tashar jirgi tsatsa na cinsa, na gyara na hau. Sajan Tokuda ya duba lambar rajista, ashe na wata tsohuwa ne, Isogai. Ya ce in ta karɓi takardar ban haƙurina, magana ta mutu. In ta ƙi, sai gaban mai gabatar da ƙara, aikin ɗakin karatun da zan fara kuwa in manta da shi.

Na gaya wa Sajan littafi goma sha ɗaya na karanta a kan laifi. Masana sun ce samun dama ke haifar da sata, kuma wanda aka laƙaba wa ɓarawo shi ke zama ɓarawo. Sai ya ce, "To Farfesa, sa hannu nan." Jahilin banza!

Na rubuta takardar, shafi tara. Za ta girgiza.

Ƙaninki,
Genta

7 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa, ya tarin ƙaramar?

Na je wurin tsohuwar da takardar da kwalin alewar wake, na rusuna. Ta zaunar da ni, ta ɗauko jan biro. Ashe shekara talatin ta yi tana sa ido kan waɗanda aka sako daga kurkuku!

Da ta gama karantawa ta ce, "Ɗan nan, ka zargi talauci, ka zargi gwamnati, har ni da ban sa kwaɗo ba. Kai kana wane shafi?" Na ce laifin na al'umma ne. Ta ce, "To je ka turo al'ummar ta rusuna mini." Wai kuma a shafi na shida na cakuɗa ra'ayin masana biyu. Na duba. Gaskiyarta ne, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

Ta miƙo farar takarda guda, ta zauna tana cin alewata. Awa biyu ina gumi kafin na rubuta: "Ni na ɗauka. Ki yi haƙuri." Ta buga hatiminta. Litinin zan fara aiki.

Kalma shida, Yaya, ban taɓa rubuta abu mai wuyarsu ba. In kika yi dariya, ni da ke ne.

A gaida kowa.

Ƙaninki,
Genta