Kafin Ki Ga Fuskata a Waya

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya sauƙaƙa miki aikinki, Ya raya miki zuriya. Ni ma alhamdu lillahi, ina nan ana ta lallaɓawa. Yayanki ya kira ranar Talata, ya ce an sake mayar da shi wani reshe a wurin aikinsu, yara suna lafiya. Gwaggonki ta zo wancan watan ta kwana biyu, ta yi mini faɗa a kan labulen falo da ƙurar saman kabad, ta koma. Maƙwabcina Tela yana nan yadda kika san shi. Kullum da hantsi sai ya leƙo ya ce jarida ya zo aro, alhali ni da shi mun san zuwa yake ya ga ko na tashi.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa bayan shekaranjiya muka yi magana. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya fara rawa. Akwai maganar da ba na iya faɗa da baki, kuma wanda ya yi shekara talatin da shida a gidan waya bai san abin da ya kai rufaffen ambulan aminci ba. Da farko dai na gode. An ja wayar intanet ɗin da kika daɗe kina roƙona in yarda a sa, akwatin yana kan teburin rediyo da 'yan fitilunsa kore. Na ce miki ba a gama haɗawa ba, to ki yafe mini, an gama tun ranar Asabar. So nake ki karanta wannan tukuna.

Wata huɗu da suka wuce na faɗi a banɗaki. Ba santsi ba ne, ƙafar ce kawai ta ƙi ɗaukata. Na fi awa guda a ƙasa kafin in ja jiki zuwa bakin ƙofa. Ban gaya miki ba, ban gaya wa yayanki ba, domin na san abin da zai biyo baya. Za a haɗa mini kaya, a rufe gidan nan da muka yi shekara arba'in a cikinsa ni da mahaifiyarki, a kai ni ɗaki a gidan ɗayanku in zauna ina kallon bango. Abin da nake gudu ke nan, kuma har yanzu shi nake gudu.

Sai na tuna kin ce tsohuwar wayarki da kika aiko mini tana amsa kowace tambaya. To mu a makarantarmu an koya mana ba a neman abu wurin wanda bai san ka ba sai ka gabatar da kanka. Saboda haka na buɗe wurin da ake rubuta tambaya, na fara da gaisuwa, na sa cikakken sunana da shekaruna da lambar gida da sunan layinmu, har da aikin da na yi ritaya a kansa. Sannan na bayyana cewa na faɗi, ƙafafuna suna kumbura, ni kaɗai nake zaune, ina neman shawara. Na rufe da godiya, na sa suna a ƙasa. Da yatsa ɗaya nake yi, ya ci mini kusan rabin yini. Na rubuta irin wannan sau bakwai ko takwas, kuma duk amsar da ta fito sai na koma na rubuta na gode.

Ba a yi mako ba abubuwa suka fara bina. In na buɗe labarai, sai ga tallar sandar dogarawa. In na nemi yanayin gari, sai ga safar masu kumburin ƙafa. Har da hoton wani gida da ake ajiye tsofaffi, ga wani dattijo yana ta dariya da haƙoran da ba nasa ba. Ana cikin haka sai Tela ya shigo ɗauke da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ya ce na marigayin surukinsa ne, ya gani a ɗakin ajiya, wai ko zai yi mini amfani. Na duba na ga leda ko cire ta ba a yi ba a ƙafafun. Na ce a raina waɗannan mutane har sun san ƙofar gidana, har sun samu wanda za su aika. Na karɓa domin ina bukata, amma daga ranar na kashe data, na jefa wayar a aljihun tebur, sai in kin kira nake fito da ita.

Ki fahimci abin da ya sa ya dame ni haka. Ranar da aka ɗauke mu aiki an sa mun yi rantsuwa ba za mu buɗe wasiƙar kowa ba, ba kuma za mu faɗi wa ke rubuta wa wa ba. Na san matar da ke samun takarda daga kurkuku duk wata, na san ɗan kasuwar da lauya ke ta aiko masa. Har suka bar duniya ko mahaifiyarki ban gaya wa ba. Sai ga ni na tsufa na ba wata na'ura sirrina cikin ladabi, ta ɗauka ta kai kasuwa. Daidai lokacin ne kika fara matsa mini a ja intanet gida domin yara su riƙa ganina. Na ce in 'yar wayar da ke tafin hannu ta yi mini haka, ina ga akwatin da zai zauna a falona dare da rana.

Da na ga ba za ki haƙura ba, sai na sa Tela ya karɓo mini takardun kamfani uku, na sa tabarau na bi su layi-layi da rula. Na farko akwatinsu kyauta ne, wakilinsu kuma akwai daɗin baki. A shafi na tara, cikin rubutu ƙanana kamar tururuwa, sun ce suna da ikon adana bayanin wuraren da nake shiga su raba shi da abokan hulɗarsu. Na tambaye shi su wane ne abokan. Ya sosa ƙeya ya ce shi ma bai taɓa karanta wurin ba, kuma a shekara uku ba wanda ya taɓa tambayarsa. Na biyu sai an sa wata manhajarsu a waya, wadda ke neman sanin inda nake da lambobin mutanen da na ajiye. Na ce wa nasu wakilin inda nake ba ɓoyayye ba ne, daga gado sai kujera, amma lambobin mutane ba nawa ba ne da zan bayar. Dukansu biyun sun rantse mini ba sa ganin komai.

Na ukun ƙaramin kamfani ne, takardarsu shafi huɗu ce, kuma Tela ya ce bai kai sauran sauri ba. Ba wakili suka turo ba, mai ja wayar ce da kanta ta zo, wata mata mai matsakaicin shekaru da jakar kayan aiki, kowa Injiniya yake ce mata. Da na yi mata tambayar, sai ta fara tambayata aikin da na yi. Na gaya mata. Ta ce to ba za ta wahalar da ni ba, su kamar ma'aikacin gidan waya ne, suna ganin adireshin da ke bayan ambulan, amma galibin saƙonnin yanzu a rufe suke, ba sa iya karanta cikinsu. Ta nuna mini inda aka rubuta tsawon lokacin da suke ajiye adireshin, da inda zan sa alama in ce ban yarda a ba masu talla ba. Ta ƙara da cewa in kotu ta nema dole su bayar, ba za ta ɓoye mini ba. A nan na sa hannu. Ita kaɗai ce ta yarda suna ganin wani abu, ni kuwa na san ba a kai saƙo sai an karanta adireshi.

Ranar Asabar ta huda bango ta gefen taga, ta bi da wayar ta ƙasan silin tana kafa ta da 'yan ƙusoshi, ta nemi tsintsiya ta share ƙurar da kanta. Ta sa na zaɓi lambar sirri, ta juya baya har na gama shigarwa. Ganin haka ne na saki jiki na fito da wayar hannun na nuna mata abin da ke bina. Ta karanta ɗaya daga cikin wasiƙun nawa, na ga tana danne dariya. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin tambaya mai ladabi irin wannan ba, amma na'ura kalma uku ta ishe ta, ba ta bukatar suna ko lambar gida. Ta ce masu wurin tambayar ne ke ajiye abin da aka rubuta, daga nan tallar ke fitowa. Sannan ta nuna mini wani ɗan hoto a saman kusurwa, ta ce wace ce wannan. Na matso da tabarau, sai na ga ke ce. Ta ce wayar har yanzu da sunanki take buɗe, duk abin da na rubuta cikin kundinki yake shiga, kuma yana iya fito miki a sabuwar wayarki.

Auta, a nan ne na fara ganewa. Na tuna ranar da kika ce in riƙa ɗora ƙafa a kan matashi, na ce wa ya ce miki tana ciwo, kika ce ai duk tsoho haka ake masa. Da Injiniya ta tafi na aika aka kira Tela, na sa shi a gaba. Ya yi ta kame-kame, ya ce surukin nasa mutum ne mai tsafta shi ya sa bai cire ledar ba. Na ce masa surukinsa da na sani har ya rasu da keke yake zuwa kasuwa. Daga nan ya sauke kai ya ce ke kika kira shi, kika aiko da ƙarfen, kika roƙe shi kada ya bari in sani, domin kin ce Baba zai faɗa da kansa in ya shirya.

Ba zan ɓoye miki ba, da farko raina ya sosu, na ce an karanta mini takarda ba izini. Da na natsu sai na ga ba haka ba ne. Ni na jefa su a akwatinki da hannuna, da sunanki a kai. Kin karanta cewa mahaifinki ya kwanta awa guda a ƙasan banɗaki, kina can nesa, kika haɗiye. Ba ki kira yayanki kun yanke mini hukunci ba, ba ki kunyata ni ba, wata uku kina gaishe ni kamar ba komai. Ban san yadda kika iya ba. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki masu rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini.

Injiniya ta buɗe mini nawa kundin da sunana, ta kashe abubuwan da ke bin sawu iya waɗanda ake iya kashewa, ta ce abin da ya riga ya fita ba duka ake iya dawo da shi ba. Ke nan daga yanzu ba abin da zai ƙara zuwa miki ta bayan gida, sai abin da na faɗa. To ga sauran. Tsoron kamfani gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ya sa na yi ta jan ƙafa ba. A murya ina iya cewa lafiya lau, a hoto ba zan iya ba. Na rame ƙwarai, wuyan riga ya yi mini yawa. Wata biyu da suka wuce Tela ya raka ni asibiti, ya jira a waje, likita ya ce zuciyar ce ta gaji, ita ke tara ruwa a ƙafa. Ya ba ni magani iri uku, ina sha a kan lokaci, kumburin ya ragu. Ya kuma ce zaman kaɗaici bai dace da ni ba. Wannan ban rubuta wa na'ura ba, Tela ma bai sani ba, ke ce ta farko.

Roƙona ɗaya ne, ku bar ni a gidana. Na yarda Tela ya riƙe makulli, na yarda a samo mai duba ni sau biyu ko uku a mako in kun ga ya dace, na yarda ki riƙa ganina kullum ki duba ƙafar da idonki. In na sake faɗuwa, a ranar za ki ji daga bakina. Ki gaya wa yayanki yadda kika ga ya fi, kin fi ni iya masa. Idan kuma kika gan ni kika tabbata ba zai yiwu ba, ki faɗa mini kai tsaye, zan saurara, ko da ba zan ji daɗi ba.

Ranar da takardar nan ta iso, ki kira da rana, lokacin haske ya fi shigowa falo. Ki fara kira ke kaɗai, ki gama kallona, in akwai kuka ki yi abinki. Bayan nan sai ki kira yara.

Ki gaishe mini da maigidanki, ina godiya da haƙurinsa. Ki gaishe da Takwara, ki ce masa na ji labarin ya fi uwarsa tsayi, sai na gani zan yarda. Ki gaishe da amaryata 'yar ƙarama, ki ce mata angon nata ya ɗan tsufa, kada ta gan shi ta ce ta fasa. Tela yana gaishe ki, ya ce ki yafe masa, ya yi iya ƙoƙarinsa.

Allah Ya sada mu da alheri.

Mahaifinki mai sa miki albarka kullum,
Baba