Mutum Shida a Kan Uwar Garke

Tudun Wada, Gusau

Ƙanena Mubarak,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da karatu a can Malesiya. Allah Ya ƙara maka juriya. Inna tana samun sauƙi, sai dai har yanzu ba ta iya cin abinci sosai tun rasuwar Yaya Mannir a hatsarin hanyar Tsafe.

Shawararka nake nema, tunda fanninka ne. Ka san shagunan maganin dabbobin da ya bari, na Gusau da Tsafe da Bungudu, duk a kan tsohuwar kwamfutar ofishinsa suke shigar da kaya da ciniki. Yanzu in mutum biyu suka shiga tare sai ta tsaya cik, in rana ta take kuma ta kashe kanta. Jibo, mai kula da shagon Bungudu, ya ce ranar kasuwa sai da ya sallami makiyaya ba tare da ya san ko akwai allurar da suke nema a Gusau ba. In kwamfutar nan ta mutu, aikin shekarun Yaya ya tafi.

Dama ya yi niyyar sayen saba, wato kwamfutar da za ta riƙe bayanan duka shagunan, wadda yake kira uwar garke don zolayar Jibo. Na je wurin mai sayarwa, Malam Yusha'u. Ya nuna mini wata babba ta hannu, mai ƙarfi amma mai ƙara da shan wuta, ban ga alamar solarmu za ta ɗauke ta ba. Akwai ƙarama sabuwa mai faifan ajiya biyu, abin da aka rubuta a ɗaya yana ɗayan, in ɗaya ya lalace ɗayan ya ci gaba. Hankalina ya fi kwanciya da ita, amma ka duba ko ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, zai isa.

Malam Yusha'u ya ce duk zaɓin ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: mutum nawa za su riƙa shiga a lokaci guda? Na ce shida. Sai da na fara lissafa su da yatsa na ji na ambaci sunan Yaya. Na gyara na ce biyar, na fito. A cikin keke-napep na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na ba matar Yaya, Zuwaira, labari, sai ta ce, “Kada a goge sunansa. In na fita takaba ni zan zauna a shagon Tsafe, da sunansa zan riƙa shiga.”

Saboda haka ka yi lissafinka da mutum shida.

Inna da Zuwaira suna gaishe ka. 'Yar Yaya, Nusaiba, ta ce in tambaye ka yaushe za ka dawo. Ka sa shi a addu'a.

Yayarka,
Shafa'atu