Tambaya ta Goma Sha Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris
Wata likita ta kira matata. Wai za su yi bincike kan jariran da ake haifa babu rai, suna son iyayen da abin ya shafa su duba musu tambayoyin kafin su fita da su. Shekara uku ke nan da rasa 'yarmu. Ta ce za ta je. Na ce ni nawa kaiwa ne da ɗaukowa.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kai ta a babur. Awa biyu ina benci muna hira da maigadi. Ta fito rungume da fayil, tana tafiya ɗaiɗai. Na ce, "Ranki ya daɗe, Farfesa." Ta kai min duka da fayil ɗin. Rabon da in ga ta yi dariya haka har na manta.

Alhamis, 13 ga Maris
Su bakwai ne, duk mata. Ɗakin da aka ba su yana jikin ɗakin haihuwa, kukan jarirai na shigo musu ta taga. Duk karatun mutanen nan, wannan bai zo musu a rai ba! Farfesar gidana ce ta yi magana, aka mai da su sama. Tana ta zuba min labari a hanya, saura kaɗan in wuce kwanar gidanmu.

Asabar, 15 ga Maris
Firij huɗu na gyara yau. Bayana ya gaya min.

Alhamis, 20 ga Maris
An yi gardama kan tambaya ta goma sha ɗaya: "Kin ga jaririnki?" Wasu suka ce a cire, fama ciwo ne kawai. Matata ta ce a bari, a ƙara da, "Kin so ki gani?"

A gida tana yanka albasa ta ce, "Ni dai ban gan ta ba." Ba ta ɗago ba.

Gaskiya ne. Ba ta farfaɗo daga tiyata ba lokacin da nas ta miƙo min yarinyar a farin zane. Ni na riƙe ta, ni na kai ta makwancinta. Manya suka ce kada a tayar mata da zancen, na bi. Ta san na gani, ni ma na san tana son ji, amma tsoro nake in buɗe baki in karya ta. Na ce na manta makulli a shago, na fita.

Alhamis, 27 ga Maris
Likitar ta same ni a benci. "Malam, tambayoyinmu duk na mata ne. Mazan fa?" Na ce ni firij na sani. Ta ce minti goma kacal. Sai da na yi awa ɗaya da rabi. Na ce su tambayi maza wa ya tsaya tare da su a barandar asibiti ranar, don ni ba kowa. Ta rubuta. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Shayinsu dai ruwa ne zalla.

Lahadi, 30 ga Maris
Yara sun tafi gidan kakarsu. Muna ninke wanki sai na ji bakina ya ce, "Gashi gare ta."

Ta tsaya cak da riga a hannu.

Na ce baƙi wuluk, a kwance. Kunnuwan irin na uwarta ne, ƙanana. Hancin kuwa, sai haƙuri, nawa ne sak. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta goge fuska da rigar da muka wanke. "Yatsun fa?" Na ce dogaye. Ta ce, "Maigida, sake faɗa min tun daga farko." Sau uku na faɗa. Ba ta karye ba. Ni ne ma na zauna a ƙasa.

Litinin, 31 ga Maris
Babu wani labari. Aiki kamar kullum. Wani dattijo ya kawo firiza, muna hira ya tambaye ni yarana nawa. Na saba cewa biyu. Na ce uku, ɗaya ta rasu, mace ce. Ya ce Allah ya sa mai ceto ce. Na ce amin, na ci gaba da ɗaure wayata.